BABI NA UKU: TARIHIN GILASHIN KYAMARA DA YADDA MASU SHA'AWAR ƊAUKAR HOTO KE ZAƁENSA A ƘASAR GUMEL

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazarin tarihin gilashin kyamara, da kuma yadda masu ɗaukar hoto na sha'awa a ƙasar Gumel suka riƙa zaɓensa suna sauya shi, tun daga zamanin fim har zuwa zamanin wayar hannu. Abin da ake nufi da gilashin kyamara shi ne jerin gilasan nan da ke gaban kyamara, waɗanda ke tattara haske su kai shi kan fim, wato abin da wasu ke kira idon kyamara. Shi kuwa mai ɗaukar hoto na sha'awa shi ne wanda ba da hoto yake ci ba, kamar malamin makaranta, ko ɗalibi, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko ɗan kasuwa, wanda ya sayi kyamara da kuɗinsa don ya adana hotunan iyalinsa da na garinsu.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, gilashi shi ke yanke tazarar da za ta kasance tsakanin mai ɗaukar hoto da abin da yake ɗauka. A ƙasar Hausa kuwa al'ada ta riga ta shata wa kowa inda zai tsaya, ko a gaban sarki, ko a cikin gidan aure, ko a kasuwa. Saboda haka zaɓen gilashi a wannan yanki ya rataya ne a kan abubuwa uku: tazarar da al'ada ta yarda da ita, da darajar naira, da kuma irin bakin kyamarar da mutum ya fara mallaka.

3.1 Ƙasar Gumel da Hanyoyin da Hoto ya Biyo

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mangawa ne suka kafa ta a tsakiyar ƙarni na 18, kuma ta kasance ƙarƙashin inuwar Barno, ba ta shiga daular Sakkwato ba. A shekarar 1903 ta shiga hannun Turawan Ingila, aka sanya ta cikin Lardin Kano, ta kuma ci gaba da zama cikin Jihar Kano har zuwa ranar 27 ga watan Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

Wannan daɗaɗɗiyar alaƙa da Kano tana da muhimmanci ga tarihin hoto a yankin. Garin Gumel yana da nisan kimanin kilomita 120 arewa maso gabas da Kano, kuma layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 ya ratsa ta Gagarawa. Daga arewa kuma akwai Maigatari a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis. Ke nan duk wani sabon kayan zamani, har da kyamara da fim, ta ɗayan waɗannan ƙofofi biyu yake shigowa, ko dai daga kantunan Kano, ko kuma ta hannun fataken da ke ƙetara iyaka.

3.2 Asalin Gilashin Kyamara

Ilimin da kyamara ta ginu a kansa ya girmi ita kanta kyamarar da ɗaruruwan shekaru. Masanin nan Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayani a littafinsa Kitab al-Manazir kan yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a jikin bango. Daga baya Turawa suka sanya gilashi a wannan kafa don surar ta ƙara haske. A 1839 aka bayyana hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa, amma gilasan farko ba sa shigar da haske sosai, don haka sai mutum ya zauna na mintoci bai motsa ba. A 1840 Joseph Petzval ya ƙirƙiro gilashi a Biyana wanda ke shigar da haske fiye da sau goma sha biyar a kan na farko, wannan ne ya sauƙaƙa ɗaukar hoton fuskar mutum.

Akwai ma'aunai biyu da ya kamata a fahimta kafin a ci gaba. Na farko shi ne tsawon gilashi, wanda ake aunawa da milimita. A kan fim mai faɗin milimita 35, gilashi mai milimita 50 yana ganin abubuwa kusan yadda idon mutum ke ganinsu. Mai milimita 28 yana kwaso fili mai faɗi amma yana ƙanƙantar da abin da ke ciki. Mai milimita 135 ko 200 kuwa yana jawo abin da ke nesa, sai dai filin da yake gani ƙunci ne. Ma'auni na biyu shi ne girman ƙofar haske, wanda ake rubutawa kamar f/2 ko f/5.6. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yawan hasken da ke shiga. Alal misali, gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wanda ke da f/5.6.

3.3 Zamanin Gilashi Ɗaya Tilo

Ɗaukar hoto na sha'awa ya faro ne daga George Eastman na Amurka, wanda ya fito da kyamarar Kodak a 1888, sannan Brownie a 1900 a kan dala ɗaya. Brownie akwati ne mai gilashi ɗaya da aka kafe, ba a cire shi, ba a kuma juya shi. Wasu daga cikin mashahuran masu hoto na Nijeriya da irinta suka fara, kamar Solomon Alonge na Benin, da J. D. 'Okhai Ojeikere wanda ya sayi tasa a 1950. Kafin su an yi Jonathan Adagogo Green na Bonny, da George Da Costa na Ikko wanda ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa layin dogo. Daga kudu ne sana'ar ta hauro arewa, musamman ta hannun Yarabawa da suka buɗe shagunan hoto a Sabon Garin Kano da sauran garuruwa.

A garuruwa irin su Gumel, abin da ya fara kai talaka gaban kyamara shi ne buƙatar hukuma: hoton fasfo na tafiya aikin Hajji, da na takardar makaranta, da na lasisin tuƙi. Ko da malaman da ke da ja a kan halaccin hoto sun yi rangwame a kan wannan saboda larura. Irin wannan hoto ba ya buƙatar zaɓen gilashi, domin mutum ne zai zauna a gaban ƙyalle, mai hoto ya tsaya inda ya saba tsayawa. Haka shi ma mai Brownie, in yana son abu ya fito da girma sai ya matsa kusa, in yana son jama'a su shiga duka sai ya ja da baya. Ƙafarsa ita ce ke yin aikin da sauya gilashi ya zo ya yi daga baya. Wannan ne ya sa hotunan wancan zamani suka yi kama da juna: mutane a jere a tsaye, a waje, cikin rana, suna kallon kyamara. Duk abin da ke gudu, ko yake nesa, ko yake cikin ɗaki, ya fi ƙarfin wannan gilashi.

3.4 Zamanin Sauya Gilashi

Kamfanin Leitz na Jamus ya fito da ƙaramar kyamarar Leica a 1925, daga 1930 kuma ya mai da gilashinta mai kwancewa. A 1959 kamfanin Nikon na Japan ya fito da Nikon F, wadda mai ɗauka ke leƙawa ta cikin gilashin kansa ya ga daidai abin da fim zai ɗauka. A wannan shekara ce kuma aka fara sayar da gilashi mai zuƙowa, wato zum, don kyamarar milimita 35. Sai dai waɗannan kayayyaki sun fi ƙarfin aljihun ma'aikaci a wancan lokaci.

Abin da ya sauya lamarin a Nijeriya shi ne arzikin man fetur na shekarun 1970. An yi ƙarin albashi na Udoji a 1974, an soma shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, wanda ya riƙa kawo matasa daga wasu jihohi zuwa makarantun karkara, an kuma ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, wanda ya ƙara yawan malamai masu albashi. Garin Gumel ya sami babbar kwalejin horon malamai, wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa. Har ila yau yawan mahajjata ya ƙaru, kyamara kuma ta shiga cikin tsarabar da ake kawowa daga Makka tare da rediyo da agogo. A daidai wannan lokaci ne aka sami kyamarori masu sauƙin kuɗi waɗanda ake sauya wa gilashi, kamar Pentax K1000 da Canon AE-1 na 1976, da Yashica FX-3 ta 1979, da kuma Zenit ta Tarayyar Sobiyat. Kusan dukkansu da gilashi mai milimita 50 ake sayar da su, ita Zenit da Helios mai milimita 58. Daga nan ne tambayar wane gilashi za a ƙara ta taso, amsarta kuwa ta danganta da wurin da mutum ya fi son ɗauka.

3.4.1 Hawan Salla

A ranar hawa, dogarai ne ke shata inda 'yan kallo za su tsaya, kuma ba ya cikin ladabi talaka ya kutsa gaban dokin sarki. Ga kuma haɗarin dawakai a lokacin jahi. Idan aka ƙaddara tsayin doki da mahayinsa mita biyu da rabi ne, mai gilashin milimita 50 sai ya matso kamar mita 5 kafin mahayin ya cika hoton. Mai milimita 200 kuwa zai sami wannan girma daga kimanin mita 20. Don haka dogon gilashi, musamman mai milimita 135 ko zum na 80 zuwa 200, shi ne burin duk mai sha'awar hotunan sarauta. Amma yana da nasa sharaɗi, domin yana ƙara girman rawar hannu kamar yadda yake ƙara girman doki. Ƙa'idar da masu hoto ke bi ita ce, mai gilashin milimita 200 kada ya bar marufin kyamara a buɗe fiye da kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa. Hasken ranar wannan yanki ya wadatar da haka, sai dai in hawan ya kai yamma liƙis.

3.4.2 Cikin Gida da Ɗakin Amarya

A cikin gida matsalar ta juye. Baƙon namiji ba ya wuce zaure, saboda haka hotunan kamu da na jere da na suna sukan faɗa hannun ɗan gida ne, wato ƙane ko ɗa ko ɗan'uwa mai kyamara. A nan mai sha'awa ya sami filin da mai shagon hoto bai samu ba. Ɗakin amarya kuwa ƙarami ne, ga duhu. A ɗaki mai faɗin mita 3, ko da mai ɗauka ya jingina da bango, gilashin milimita 50 ba zai kwaso fiye da mita biyu da 'yan kai na ɗaya bangon ba, alhali mai milimita 28 zai kwaso kusan mita 4, wato gado da jeren kwanoni da ƙawayen amarya gaba ɗaya. Illarsa ita ce yana miƙar da fuskar wanda ke gefe, yana kuma kumbura hancin wanda ya matso kusa. Dangane da duhu kuwa, zum mai araha ba ya amfani sai da fitilar kyamara, ita kuma fitila tana sa kwanonin jere su yi ƙyalli su kashe hoton. A irin wannan wuri tsohon gilashin milimita 50 mai f/1.8, wanda aka raina don ya zo tare da kyamara, ya fi zum ɗin da aka sayo da tsada.

3.4.3 Kasuwar Maigatari

Kasuwar dabbobi fili ce mai faɗi, cike da shanu da raƙuma da tumaki da dillalai. Mai son nuna girmanta yana buƙatar gilashi mai faɗi da wuri mai tudu. Mai son fuskokin makiyaya da fatake kuwa yana fuskantar wata matsala ta ɗabi'a, domin ba kowa ke son a ɗauke shi hoto ba, musamman a lokacin da ake ƙirga kuɗi. Dogon gilashi yana ba da damar ɗaukar mutum bai sani ba, abin da jama'a ke ɗauka tamkar leƙen asiri. Gajeren gilashi kuwa yana tilasta wa mai ɗauka ya yi sallama, ya gaisa, ya nemi izini. Ke nan a kasuwa zaɓen gilashi ya zama zaɓen irin mu'amalar da mutum zai yi da jama'a.

3.5 Faɗuwar Naira da Matsalar Bakin Kyamara

A 1985 naira ɗaya ta ɗan fi dala ɗaya daraja a farashin gwamnati. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, kafin 1993 dala ɗaya ta kai wajen naira 22. Da yake kyamara da gilashi da fim da takardar wankin hoto duk daga waje ake shigo da su, sabon gilashi ya gagari mai albashi. Kasuwar ta koma ta kayan hannu da gilasan kamfanonin da ke ƙera wa kowace kyamara, irin su Vivitar da Sigma da Tamron da Tokina. Bugu da ƙari, fim mai launi sai an tura shi Kano a wanko, don haka kowane hoto cikin 36 da ke cikin fim kuɗi ne, ba a gwaji da shi.

A daidai wannan lokaci wata matsala ta kunno kai daga su kansu kamfanonin. Kowane kamfani yana da irin bakin da gilashinsa ke shiga, na wannan ba ya shiga na wancan. Zenit da Praktica suna da baki mai zare da ake kira M42, Pentax ta koma bakin K a 1975, Nikon tana da bakin F. Da aka fito da kyamara mai saita kanta, kamfanin Minolta ya sauya bakinsa a 1985, Canon ma ya bar bakin FD ya koma EF a 1987. Wanda ya shekara yana tara gilasan Canon ko Minolta sai ya wayi gari ba sa shiga sabuwar kyamarar kamfanin. Nikon da Pentax kuwa sun riƙe bakinsu na da, don haka masu su ba su yi wannan asara ba. Darasin da ke ciki shi ne, ranar da mutum ya sayi kyamararsa ta farko, ya zaɓi dukkan gilasan da zai iya saye nan gaba, ko ya sani ko bai sani ba. Mai sayen gilashin hannu a Kano ba tare da ya je da kyamararsa ba yakan koma gida da abin da ba zai ɗauru ba, aka ce araha ba ta ado.

3.6 Tasirin Yanayi

Ƙasar Gumel ƙasa ce ta jigawa da rairayi, kuma daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kawo ƙura mai laushi. Duk lokacin da aka kwance gilashi a fili, ƙura na samun hanyar shiga cikin kyamara. Shi kansa zum, a yayin da ake tura shi ana jawo shi, yana zuƙar iska da ƙurarta. Goge gilashi da bakin riga ko rawani kuwa daidai yake da gurza shi da yashi, domin yana kankare siririn shafen da ke hana ƙyalli, wanda kamfanin Zeiss ya ƙirƙiro a 1935. Zafin bazara shi ma yana narkar da man da ke cikin gilashi ya gangara kan fukafukan ƙofar haske su riƙa maƙalewa. Gilashin hannu da ya daɗe a Ikko ko wata ƙasa mai laima kuma yakan zo da fumfuna a ciki. Waɗannan dalilai sun sa gilashi mai sauƙin ƙira, wanda ba ya zuƙowa, ya fi daɗewa a wannan yanki, sun kuma sa ɗan gilashin kariya da ake ɗaurawa a gaba ya zama wajibi.

3.7 Zamanin Dijital da Wayar Hannu

Steven Sasson na kamfanin Kodak ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, amma sai a 2003, da fitowar Canon EOS 300D a kan ƙasa da dala dubu, irin wannan kyamara mai sauya gilashi ta kusanci masu sha'awa. An huta da sayen fim da jiran dodon hoto daga Kano. Sai dai faifan da ke ɗaukar haske a ƙananan kyamarorin dijital bai kai fim girma ba, don haka gilashin milimita 50 ya koma yana gani kamar na 75 ko 80. Wannan ya yi wa mai hoton hawa daɗi, ya kuma ƙuntata wa mai hoton cikin ɗaki. Gilashin da ke zuwa da irin waɗannan kyamarori, mai milimita 18 zuwa 55, yana da rauni a duhu, shi ya sa mataki na farko na masu son ci gaba yakan kasance sayen gilashi mai f/1.8.

Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, bayan shekaru kuma wayoyi masu kyamara suka cika hannun jama'a. Babban gilashin waya mai faɗi ne, daidai da kimanin milimita 26 a lissafin fim, saboda haka ya dace da cikin ɗaki. Da wannan, hoton cikin gida ya koma hannun matan gidan da kansu. Abin da ya rage wa kyamara shi ne nesa da gudu, wato hawan salla da sukuwa da wasan ƙwallo. Daɗin daɗawa, kyamarori marasa madubi, irin Sony A7 ta 2013, suna karɓar tsofaffin gilasan FD da M42 ta hanyar ɗan zoben haɗi. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, don haka gilashin da aka jefa cikin adaka shekaru talatin da suka wuce ya sake yin daraja. Da tsohuwar zuma ake magani.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin gilashin kyamara tun daga bayanin Ibn al-Haisam zuwa gilashin wayar hannu, an kuma danganta shi da rayuwar ƙasar Gumel. An ga yadda kyamarar akwati ta taƙaita hoto ga mutanen da ke tsaye a rana, da yadda arzikin shekarun 1970 ya ba masu albashi damar sauya gilashi, da yadda faɗuwar naira daga 1986 da sauya bakin kyamara suka mai da su kasuwar kayan hannu. An kuma nuna cewa filin hawa yana neman dogon gilashi, ɗakin amarya yana neman mai faɗi mai yawan haske, kasuwa kuwa tana neman ladabi kafin gilashi. Muhimmancin wannan ga mai nazarin al'ada shi ne, tsofaffin hotunan da ke cikin gidajen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar sun nuna iyakar abin da gilashin zamaninsu ya iya kaiwa ne. Rashin ganin wani abu a cikinsu ba hujja ba ce ta cewa ba a yi shi ba. Babi na gaba zai duba yadda ake adana waɗannan hotuna a gidaje, da irin matsayin da suke da shi a wajen iyali.